Daren da ya biyo bayan faɗuwa

 Mun daɗe muna jinkirin rubuta wannan labari, domin a gidan malamai aka haife mu, kuma ba a saba jin ɗan limami ya fito fili ya ce akwai lokacin da yake tsoron shimfiɗarsa kamar yadda yaro yake tsoron duhu ba. Abin da ya kawar da jinkirin shi ne, tun daga ranar da muka ɗan taɓa maganar a zaure bayan sallar isha'i, mutum uku suka same mu a keɓe, kowa da ranarsa, kowa yana rage murya. Biyu ƴan kabu-kabu ne, ɗaya magini ne da ya faɗo daga kan tsani. Dukansu sun taɓa buguwa a ka, raunin waje ya warke, amma barci bai komo musu daidai ba, kuma babu wanda ya taɓa gaya musu cewa abubuwan biyu suna da dangantaka.

Abin ya same mu ne cikin watan Rajab na 1445, wato Janairun 2024, a garin Maraɗi. Mun taso daga makarantar faranko-arab inda muke koyar da nahawu, muna kan moto, hazo ya rufe gari, sai wata jar akuya ta ratso titi da gudu, ɗanta na biye da ita. Mun tuna mun kauce wa uwar. Daga nan ba mu tuna kome ba sai da muka tsinci kanmu zaune a gindin wata bedi, ana zuba mana ruwa a ka, rawaninmu yana hannun wani yaro. Hular kwano kuwa tana gida, rataye a ƙusa, inda ta saba zama. Waɗanda suka kai mu asibiti sun ce a hanya mun tambaye su ko an yi sallar la'asar ya fi sau goma, suna ba mu amsa muna sake tambaya.

An ɗauki hoton kai da na'urar sikana, aka ce ƙashi bai tsage ba, jini bai taru a ciki ba. Likita ya rubuta a takarda da Faransanci, commotion cérébrale, abin da za mu kira girgizar ƙwaƙwalwa. Da ya ga ba mu gane yadda za a ce hoto lafiya lau amma mutum ba lafiya ba, sai ya kawo mana misali da kindirmo cikin ƙwarya: idan aka jijjiga ƙwaryar da ƙarfi, ba lalle ta fashe ba, amma kindirmon da ke ciki ya motsu, kuma sai an bar shi kafin ya kwanta. Ƙwaƙwalwa tana zaune ne cikin wani ruwa a kokon kai, buguwa mai ƙarfi tana sa ta tunkuyi bangon ƙashi ta dawo, aikinta ya rikice na ɗan lokaci, kuma irin wannan rikicewa ba ta fitowa a hoto. Ya ƙara da cewa mafi yawan waɗanda abin ke samu ba su ma suma. Sa'an nan ya juya ga iyalinmu ya lissafa mata alamun da idan ta ga ɗayansu ta maido mu ko da tsakar dare ne: amai a kai a kai, ciwon kai mai ƙaruwa, farfaɗiya, mutuwar hannu ko ƙafa, harɗewar harshe, ƙwayar ido ɗaya ta fi ɗaya girma, jini ko ruwa daga kunne ko hanci, ko kuwa a tashe mu mu kasa farkawa. Inna, mahaifiyarmu, ta ce ai ta ji ba a barin wanda ya bugu a ka ya yi barci. Likita ya ce da ita: “Hajiya, tun da an duba shi, ku bar shi ya yi barcinsa. Ku dai riƙa leƙa shi kuna ganin numfashinsa.”

Kwanakin farko barci ya yi mana yawa. Sai a tashe mu salla, mu yi, mu koma. Hasken rana yana sukar idanunmu, kukan yara yana shiga kanmu kamar ana buga ƙarfe, idan muka buɗe littafi layuka su riƙa hawa juna. Duk wannan an gargaɗe mu da shi, mun yi haƙuri. Abin da ba mu yi shirinsa ba shi ne abin da ya zo wajen kwana na goma, lokacin da al'amarin ya juye. Sai mu kwanta bayan isha'i a gajiye tiɓis, idanu su ƙeƙashe har ƙarfe ɗaya ko biyu. Idan barcin ya zo, ba ya nisa. Can gab da kiran sallar farko sai mafarkin ya iso.

Kusan kullum iri ɗaya ne. Muna kan moto a wata hanya mai gangara, birki ba ya ci, hanyar tana ƙara tsukewa, a ƙarshenta akwai bango. Muna so mu yi salati, baki ya ƙi buɗewa. Wani lokaci muna jin ƙarar buguwar, wani lokaci mu farka kafin ta, zuciya tana dukan ƙirji, riga sharkaf da zufa alhali ana tsakiyar hunturu. Sau uku ko huɗu kuma abin da Hausawa suke kira dannau ya same mu: mun farka, muna ganin rufin ɗaki, muna jin numfashin iyalinmu kusa da mu, amma ko ɗan yatsa ba mu iya motsawa, ga wani nauyi a ƙirji kamar an ɗora buhun gero. Wanda bai taɓa gamuwa da wannan ba zai ɗauka ƙari muke yi. Mun karanta babin tawakkali, mun karantar da shi, amma a waɗannan darare da zarar an idar da isha'i sai gabanmu ya fara faɗuwa. Muka ɓullo da dabarar gudun shimfiɗa. Mu da ba ma'abota zaman fada ba ne muka koma zama wajen samarin unguwa har tsakar dare, ana dafa shayi, na fari da na biyu da na uku, muna sha. Idan an watse mu shiga ɗaki mu ɗauki salula muna latsawa har ido ya yi ja. A zatonmu idan muka gaji sosai barci zai yi nauyi, mafarkin ya rasa ƙofa. Ashe wuta muke ƙara wa itace.

Wata rana mafarkin ya zo da ƙari. A gefen hanyar, daidai inda birki yake ƙin ci, muka ga wani ɗan baffanmu tsaye yana kallonmu, bai ce kome ba. Shi wannan ɗan'uwa tare muka tashi, tare muka yi karatun allo a gaban mahaifinmu, kuma idan Malam ba ya nan, ko mu ko shi ne yake jan salla. Mutanen unguwa sun daɗe suna ƙus-ƙus a kan wanda zai gaji limanci, ko da yake mu biyun ba mu taɓa furta maganar ba. Da safe, cikin rashin barci da raunin zuciya, muka ba da labarin a tsakar gida, gwaggonmu tana zaune. Ta ajiye tsintsiyar da ke hannunta ta ce: “Na faɗa tun ran farko, wannan akuya ba akuya ba ce.” Kafin azahar maganar ta kewaya ɗakuna. Kafin mako ya cika iyalinmu ta daina shiga sashen matarsa, yara sun daina cin abin da aka aiko daga can, an fara turara ɗakinmu da hayaƙi iri-iri wanda ba abin da ya ƙara mana sai ciwon kai. Mu kanmu, Allah ya gafarta mana, da muka haɗu da shi a ƙofar masallaci ya miƙo hannu yana tambayar jiki, sai da muka ji wani abu ya tokare mu. Bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba.

Cikin wannan hali ne wani aboki ya kawo mana ƙwayoyin barci da ya saya wajen masu tallar magani a bakin kasuwa, ya ce rabin ƙwaya ya isa. Dare uku muka yi barci kamar gawa, muna tashi da jiri da nauyin harshe, har asuba ɗaya ta kuɓuce mana sai da rana ta fito. Muka tsorata muka bari. A daren da muka bari mafarkin ya dawo da ƙarfin da bai taɓa zuwa da shi ba.

Asubar da ta kuɓuce ita ta sa mahaifinmu ya kira mu zaurensa. Malam mutum ne mai ƙarancin magana, kuma ashe duk abin da ake ciki ya ji. Ya bar mu durƙushe har ya gama lazimi, sa'an nan ya ce: “Kai, mafarkin nan yaushe ya fara? Kafin ka faɗi ko bayan ka faɗi?” Muka ce: “Allah gafarta Malam, bayan faɗuwar ne.” Ya ce: “Me kake gani a ciki, in ban da abin da ya same ka da rana tsaka mutane suna kallo?” Muka yi shiru.

Sai ya tuna mana karatun da shi da kansa ya ba mu tun muna samari, wanda ya zo a hadisin Abu Huraira ta hanyar Muhammadu ɗan Sirina, cewa mafarki kashi uku ne: akwai na bushara daga Allah, akwai na tsoratarwa da baƙantawa daga Shaiɗan, akwai kuma wanda zancen zuci ne, abin da ya dami mutum a farke ya biyo shi cikin barci. Ya ce mutanenmu sun riƙe na farko da na biyu sun manta da na uku, shi ya sa kowane mafarki sai an kai shi wajen mai fassara, ko a buɗe littafin fassarar mafarkin nan da ake sayarwa a kasuwa da sunan Ibn Sirina, wanda malamai da yawa suke shakkar cewa shi ya rubuta shi. Ya kawo mana labarin da ke cikin Sahihu Muslim, na mutumin da ya zo wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce ya yi mafarki an sare kansa, kan yana gangarawa yana bin sa, Manzon Allah bai fassara masa ba, ya hana shi ma ba mutane irin wannan labari. Ya kawo na Abu Salama, wanda ya ce mafarki yakan sa shi rashin lafiya, har ya haɗu da sahabi Abu Ƙatada ya tarar shi ma abin ya taɓa damunsa. Wannan ya sanyaya mana zuciya ƙwarai, jin cewa magabata na ƙwarai sun sha wahalar mugun mafarki har ta kwantar da su, kuma ba su ɓoye ba.

Daga nan muryarsa ta canza. Ya ce: “An umurce ka, in ka ga abin ƙi, ka yi tofi a hagunka sau uku, ka nemi tsari, ka juya kwanciya, in ka so ka tashi ka yi salla, kada ka gaya wa kowa. Kai ka yi na farkon ka bar na ƙarshen. Annabi Yaƙubu ya hana ɗansa ba ƴan'uwansa labarin mafarki mai kyau ma, don gudun abin da zai shiga tsakaninsu. Kai ka ɗauki mummuna ka zube a tsakar gida, ga shi ka ɗora wa ɗan'uwanka laifin da babu shaida a kansa sai barcin mai ciwon kai.” Ya ɗora hannunsa a kanmu ya yi mana tofi da Fatiha da Falaƙi da Nasi, ya daɗe yana yi. Da ya gama ya ce gobe mu koma wajen likita. Muka ce, to ai shi ma zai tambayi mafarkin, ga shi an hana faɗa. Malam ya ce a fahimtarsa abin da aka hana shi ne yaɗa shi da neman a fassara shi, amma mai ciwo da yake bayyana wa mai magani ciwonsa, wannan neman magani ne, kuma an umurce mu da neman magani. A yammacin ranar ya tara gidan, ya sa muka nemi gafarar ɗan baffanmu a gaban kowa. Gwaggo ba ta ce uffan ba, amma washegari ita ta fara aika masa da fura.

Likitan bai yi mamaki ba ko kaɗan, abin da ya ba mu haushi da daɗi a lokaci guda. Ya ce rikicewar barci tana cikin abubuwan da suka fi bin buguwar kai: wasu barci ya yi musu yawa, wasu ya ƙaurace musu, wasu dare ya koma musu rana. Daga baya mun karanta cewa wasu masu bincike a Ostareliya sun tattara nazarce-nazarce da dama a shekarar 2012, suka ga kusan rabin waɗanda suka sami rauni a ƙwaƙwalwa suna fama da wata matsalar barci. Sassan ƙwaƙwalwa da suke tsara lokacin barci da farkawa su ma girgizar tana taɓa su, ga ciwon kai da na wuya suna tashin mutum, ga kuma firgitar hatsarin kanta, wadda ita daban ce da raunin.

Ya yi mana bayanin abin da ya fi ɗaure mana kai, wato dalilin da ya sa mafarkin yake zuwa gab da asuba. Barci hawa-hawa ne, yana kewayawa kamar kowane minti 90. A cikin kowane kewaye akwai wani mataki da idanu suke motsi da sauri a ƙarƙashin fatarsu, wanda masana a jami'ar Shikago ta Amurka suka gano a 1953, kuma a cikinsa ne ake yin mafarkai masu tsawo da mutum yake tunawa. Wannan mataki gajere ne a farkon dare, yana ƙara tsawo a ƙarshensa. A lokacinsa ƙwaƙwalwa tana ɗaure gaɓoɓin jiki, in ban da idanu da numfashi, don kada mai mafarkin gudu ya tashi ya ruga. Idan mutum ya farka kafin a kwance wannan ɗauri, shi ne dannau: hankali ya tashi, jiki bai tashi ba. Yakan ɗauki daƙiƙoƙi ko ƴan mintoci, ba ya kisa, kuma ya fi samun wanda barci bai ishe shi ba da wanda ya kwanta rigingine. Wanda ya hana kansa barci, ko ya sha ƙwayoyin barci irin su diyazefam sa'an nan ya bari farat ɗaya, matakin mafarkin yakan dawo masa da yawa kamar mai biyan bashi. Nan muka gane abin da muka yi wa kanmu da shayi da ƙwayar bakin kasuwa. Ya yi mana kashedi mai tsanani a kan tiramol, wanda wasu matasa suke sha don ciwon jiki, ya ce yana iya jawo farfaɗiya, balle ga kan da bai gama warkewa ba.

Bai ba mu maganin barci ba. Abin da ya ba mu tsari ne, kuma da muka duba sai muka ga rabinsa muna da shi a gida mun yi sakaci. Lokacin tashi ya zama ɗaya kullum, wannan asuba ta riga ta tsara mana. Bayan salla kada mu koma ɗaki mai duhu, mu fita mu sha hasken safiya, mu yi tafiyar ƙasa gwargwadon abin da kai zai ɗauka, muna ƙarawa kaɗan-kaɗan. Mun yi zaton wanda kansa ya bugu kwanciya ce maganinsa har sai ya warke sarai. Ashe masana sun bar wannan ra'ayi: a taron da suka yi a birnin Amsterdam a 2022 kan girgizar ƙwaƙwalwa wajen wasanni, sun tsaya a kan hutun kwana ɗaya zuwa biyu, sa'an nan a fara motsa jiki a hankali, kuma wanda alamunsa suka wuce mako huɗu a sake duba shi. Ƙailula kada ta wuce rabin awa, kuma a yi ta kafin la'asar. Shayi da goro da kofi su tsaya daga azahar, domin abin da ke cikinsu mai hana barci yakan yi kamar awa biyar kafin rabinsa ya bar jiki. Salula ta kwana a wani ɗaki. Farasitamol kada ya zama abin kullum, don yawan shansa shi kansa yana haifar da ciwon kai. Idan muka kwanta barci ya ƙi, kada mu yi ta juyi muna kokawa da shi, mu tashi mu zauna a haske maras ƙarfi, mu yi tasbihi, sai mun ji shi ya zo mu koma.

Mun haɗa wannan da abin da muka gada: alwala kafin kwanciya, Ayatul Kursiyyu, ayoyi biyu na ƙarshen Baƙara, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tafin hannu a shafe jiki, sa'an nan kwanciya a gefen dama. Da ma muna yi, amma da gaggawa, kamar mai biyan haraji. Yanzu muka mai da shi abin da ake yi a natse, a lokaci ɗaya, cikin jeri ɗaya, har jiki ya gane cewa idan an fara wannan to dare ya yi. Iyalinmu ita ma ta sami nata aiki. Da, idan muka zabura, sai ta zabura tare da mu tana salati da ƙarfi, yara su farka, gida ya rikice. Muka yi yarjejeniya: ta kunna fitila, ta ce, “Malam, kana gida, ga ni,” ta miƙo ruwa, kada ta tambayi abin da muka gani.

Akwai abu ɗaya da likitan ya koya mana wanda sai da muka kai shi gaban Malam kafin mu yarda. Ya ce da rana, lokacin da hankali yake kwance, mu ɗauki mafarkin mu sake masa ƙarshe da kanmu, mu rubuta, sa'an nan kullum mu rufe ido minti goma ko ashirin muna kallon sabon a zuci. Hanya ce da likitocin barci suka jarraba, wani likita a Amurka mai suna Barry Krakow da abokan aikinsa sun buga sakamakon gwajinta a 2001, an ga tana rage yawan mugayen mafarkai ga waɗanda suka gamu da abin firgici. Mu kuwa abin da ya faɗo mana shi ne gargaɗi mai tsanani da ya zo a Sahihul Buhari a kan wanda ya ƙirƙiri mafarkin da bai gani ba. Malam ya yi murmushi, abin da ba ya yawan yi, ya ce gargaɗin yana kan mai yi wa mutane ƙarya ne ya ce an nuna masa abin da ba a nuna masa ba. “Kai wa za ka gaya wa? Dokin da ya firgita a wata hanya, ai da rana ake jan sa a bi da shi ta wurin har ya saba.” Sai muka rubuta namu da ajami a bayan wani tsohon littafin darasi: hanyar tana nan da gangararta, amma birki ya ci, moto ya tsaya a gindin bedi, muka sauka, muka tura shi da hannu har ƙofar gida. Kwanakin farko ko rufe ido muka yi sai zuciya ta fara bugawa. Ba za mu ce ga ranar da abin ya juya ba. Mun dai lura a takardar da muke yi wa alama kowace safiya cewa dare bakwai a mako sun koma huɗu, huɗu sun koma biyu.

Azumi ya kama cikin watan Maris, mu kuwa ba mu gama murmurewa ba. Shekara tara muna jan baƙi a tafsirin mahaifinmu, kuma a goman ƙarshe mu ne muke jan rabin tahajjudi. Malam ya yanke cewa a wannan shekara mu yi azumi tun da likita bai hana ba, mu yi asham tare da jama'a, mu tafi mu kwanta. Jan baƙi da tahajjudi ya ba ɗan baffanmu. Ba za mu ɓoye ba, ranar farko da muka zauna cikin sahu muna jin muryarsa a lasifika inda tamu ta saba fita, abin ya yi mana zafi, kuma mun san masu ƙus-ƙus sun sami abin faɗa. Amma mun gwada ɗaukar Alƙur'ani mu yi karatu da ƙarfi na rabin awa a ɗaki, kai ya sara, muka san Malam ya fi mu gaskiya. A daren ashirin da bakwai, ana tsaye a masallaci har gab da sahur, mu muna gida muna barci, barcin da babu bango a ƙarshensa.

Ɗaya daga cikin ƴan kabu-kabun da suka same mu, nasa ya fi namu nauyi. Wata takwas bayan hatsarinsa har lokacin ba ya iya bin titin da abin ya faru, ƙarar birki tana sa shi rawar jiki da rana tsaka, yana yi wa iyalinsa tsawa ba dalili, ya kuma ce mana akwai daren da ya ji da ma bai tashi daga wurin ba. Irin wannan ya wuce gyaran shimfiɗa da barin shayi. Firgici ne da ya zauna a zuciya, likitoci suna da suna da magani dominsa idan ya haura wata guda, kuma maganar ƙosawa da rai ba a kwana da ita. Mun raka shi da kanmu wajen likitan da ke duba lafiyar ƙwaƙwalwa da tunani, ya yi ta noƙewa a ƙofa yana cewa shi ba mahaukaci ba ne, muka ce mu ma da muka zo kafin shi ba mahaukata ba ne. Yana zuwa har yanzu, kuma ya koma aiki.

Mu dai mun koma aji bayan ƙaramar salla, da rabin yini tukuna, daga baya cikakke. Mafarkin bai tafi gaba ɗaya ba. Yakan leƙo sau ɗaya a wata biyu ko uku, galibi idan mun yi doguwar tafiya ko zazzaɓi ya kama mu. Idan ya zo mukan yi tofi, mu juya, mu sha ruwa, wani lokaci mu tashi mu yi raka'a biyu, da safe kuma ba wanda yake jin labarinsa. Hular kwano ta sauko daga ƙusa, rawani yana tafiya cikin jaka sai mun isa makaranta mu naɗa, ɗalibai sun yi dariyarsu sun gaji. A azumin 1446 Malam ya raba jan baƙi biyu, kwana goma sha biyar na farko ɗan baffanmu, sauran mu, kuma shi yake ɗauko mu a motonsa idan za a tafi, ta wannan titin dai, ta gaban bedin.